GARI MAGAYI: Inda Duhun Fim ɗin Batman na 1989 Ya Samo Asali

 Yau za mu ɗan ajiye littafi mu leƙa fim, fim ɗin ma na Amurka, wanda ya girmi da yawa daga cikinmu. Kada wani ya ce me ya haɗa kifi da kaska. Akwai abin da rubutunmu ke ƙishirwarsa a ciki, wato yadda ake sa wuri ya yi magana.

Fim ɗin shi ne Batman na darakta Tim Burton, wanda kamfanin Warner Bros. ya saki ranar 23 ga Yuni, 1989. Labarinsa bai da tsawo. Wani attajiri maraya mai suna Bruce Wayne yana shigar jemage da dare, yana farautar ɓarayi da 'yan daba a birnin Gotham. Wani babban ɗan daba, Jack Napier, ya faɗa cikin ƙatuwar tukunyar sinadari, ya fito da fuska fara fat da baki a yage kamar mai dariya, ya koma Joker. Suka yi ta gwabzawa har ɗaya ya mutu. An yi irin wannan labari ya fi a ƙirga. Amma ka tambayi wanda ya kalli fim ɗin shekarun baya, ko a kaset ko a faifai, abin da ya fi tunawa. Da wuya ya ce faɗan. Garin zai tuna: lunguna masu tururi, benaye baƙi ƙirin da suka sunkuyo kan titi, ƙarafa sun yi tsatsa, rana kamar an hana ta shiga. Wannan gari yana da tarihi, kuma tarihin ya fara shekara saba'in kafin fim ɗin, a wata ƙasa da yaƙi ya ragargaza.

JAMUS BAYAN YAƘI

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a watan Nuwamba na 1918. Jamus ta sha kaye, ta rasa sojoji wajen miliyan biyu, sarkinta ya sauka ya tsere zuwa ƙasar Holan. Cikin waɗanda suka dawo daga fagen fama, wasu ba hannu, wasu ba ƙafa, wasu fuska ta lalace, wasu kuma jiki lafiya lau amma hankali ya taɓu. Ga annobar murar 1918, wadda ta iso har ƙasar Hausa, kakanninmu suka kira ta marisuwa. Daga baya kuɗin ƙasar ya zama takarda: a watan Nuwamba na 1923, dalar Amurka ɗaya ta haura mak tiriliyan huɗu.

A cikin wannan hali, masu shirya fim suka ga cewa in sun nuna titi a miƙe da gida tsaye daram, sun yi wa mutane ƙarya, domin ba haka mutane ke jin duniyar a ransu ba. Sai suka ɗauko wani salo da masu zane da masu wasan daɓe suka fara tun kafin yaƙin. Turawa suna kiransa Ekspireshonizim. Manufarsa ita ce a ɗauko abin da ke cikin zuciya a ɗora shi a kan duniyar waje, yadda in mutum yana cikin firgici, bangon ɗakinsa ma zai karkace. Mu a nan bari mu kira shi salon ciki-a-waje. Bahaushe yana da maganar da ta yi kusa da wannan, inda yake cewa jiki magayi. Mun saba jin ta a matsayin gargaɗi, amma in ka dubi kalmomin kansu, cewa suke jiki yana faɗin abin da baki ya ɓoye. Jamusawan nan ƙari kawai suka yi: gari ma magayi ne.

Fim ɗin da ya buɗe ƙofar shi ne The Cabinet of Dr. Caligari na Robert Wiene, wanda aka fara nunawa a watan Fabrairu na 1920. Labarin wani tsoho ne mai wasa a dandalin biki, yana yawo da wani mutum mai tafiya cikin barci, sunansa Cesare, yana aikensa kisa da dare. Cesare bai san abin da hannunsa ke yi ba, umarni kawai yake bi. Ɗaya daga cikin marubutan labarin, Hans Janowitz, ya yi soja a yaƙin ya fito yana ƙyamarsa. Shi ya sa masu sharhi irin su Siegfried Kracauer, a littafinsa na 1947, suka ɗauki Cesare a matsayin talakan da hukuma ta sa wa kaki ta tura shi ya kashe, a kashe shi.

Duk fim ɗin a cikin ɗakin ɗaukar hoto aka yi shi. Masu zane uku, Hermann Warm da Walter Reimann da Walter Röhrig, suka zana garin a kan ƙyalle da takarda. Tagogi a karkace, rufin gidaje masu tsini, tituna suna tsukewa kamar za su matse mai tafiya. Har inuwa da haske da fenti aka zana su a bango da ƙasa. Ku lura da wannan: magatakardan gari, wanda ake zuwa neman izini wurinsa, an ɗora shi a kan wata doguwar kujera, duk mai magana da shi sai ya ɗaga kai. Ba wanda ya fito ya ce hukuma tana raina talaka. Kujerar ta riga ta faɗa.

A 1922 F. W. Murnau ya yi Nosferatu, labarin wani mai shan jini da ya shigo gari cikin jirgin ruwa tare da ɓeraye da annoba. Hoton da ya fi shahara a fim ɗin ba ma dodon ake gani ba, inuwarsa ce take hawan matakala, yatsunta zaƙo-zaƙo suna miƙewa zuwa ƙofa. A 1927 Fritz Lang ya yi Metropolis, birnin da masu kuɗi ke zaune a saman benaye cikin lambu, ma'aikata kuma a ƙarƙashin ƙasa. Ana nuna su lokacin canjin aiki, sahu na shiga sahu na fita, kowa kai a sunkuye, tafiyarsu iri ɗaya. Tsarin ginin garin shi ne tsarin zaluncin da ke cikinsa.

YADDA DUHUN YA ƘETARE TEKU

Amurka ta ga waɗannan finafinai, ta fara jan masu yin su da kuɗi. Paul Leni ya koma can, ya yi The Man Who Laughs a 1928, daga littafin marubucin Faransa Victor Hugo. Jarumin fim ɗin shi ne Conrad Veidt, wato wanda ya fito a Cesare. A nan ya fito a matsayin mutumin da aka yanka wa baki tun yana yaro, ya zama kullum kamar yana dariya ko da kuka yake yi. Karl Freund, wanda ya riƙe kyamara a Metropolis, shi ma ya koma Amurka, shi ya ɗauki Dracula a 1931. Da Hitila ya hau mulki a 1933, sai tafiyar ta koma gudun hijira. Fritz Lang da wasu da dama suka bar ƙasar. A shekarun 1940 hannunsu ya bayyana a finafinan 'yan sanda da ɓarayi na Amurka, masu titi jiƙe da ruwa da haske daga gefe ɗaya.

A tsakiyar wannan zamani aka haifi Batman. Ya fara fitowa a 1939, a mujallar labarin zane mai suna Detective Comics, fitowa ta 27. Mai zane Bob Kane da marubuci Bill Finger suka ƙirƙire shi. A 1940 Joker ya bayyana, kuma su biyun sun faɗi cewa hoton Conrad Veidt mai yagaggen baki ne ya ba su fuskarsa. Ke nan dariyar Joker daga Jamus ta taso. Akwai abin da ya kamata mu riƙe a nan, mu marubuta. Kane shi ya sa hannu a yarjejeniya da kamfani, sunansa kaɗai ke fitowa. Finger, wanda ya rubuta labaran farko ya kuma sa wa garin suna Gotham, ya mutu a 1974 ba shi da komai, kuma sai a 2015 aka fara rubuta sunansa a hukumance. Duk wanda zai miƙa labarinsa ga furodusa a kan amana kawai, ya tuna da Bill Finger.

Daga baya aka wanke Batman tas. A 1954, bayan ƙorafin cewa mujallun zane suna ɓata tarbiyyar yara, kamfanonin suka kafa wa kansu dokar tacewa. Daga 1966 zuwa 1968 aka yi shirin talabijin da Adam West, mai launi rangaɗau da barkwanci, har mutane suka manta cewa labarin ya fara ne da yaron da aka kashe iyayensa a gabansa. A 1986 Frank Miller ya dawo da duhun a littafin zanensa The Dark Knight Returns. Kamfani ya miƙa fim ga Tim Burton, matashin da ya fara aiki a matsayin mai zane a kamfanin Disney. Da aka sanar cewa Michael Keaton, wanda aka sani da barkwanci, shi zai zama Batman, masoya suka aika wasiƙun ƙorafi kimanin 50,000. Tsoronsu kada a sake mayar musu da jarumi abin dariya.

GARIN DA ANTON FURST YA GINA

An ɗauki fim ɗin daga Oktoban 1988 zuwa Janairun 1989 a Pinewood, kusa da Landan. A can wani ɗan Ingila mai tsara wuraren fim, Anton Furst, ya gina Gotham. Tunaninsa shi ne ya nuna yadda birni kamar Niyok zai kasance da a ce ba hukumar tsara gari, 'yan daba da masu cin hanci ne ke yanke inda za a yi gini. Sai ya haɗa salon gine-gine da ba sa jituwa, wannan kan wancan. A birni na gaskiya ana sa dogon bene ya riƙa ja da baya yayin da yake hawa sama, don rana ta sauko titi. Furst ya juya abin, benayensa suna leƙowa gaba, suna rufe sama. Masana'antar sinadarin da Napier ya faɗa kuwa, a tsofaffin tashoshin lantarki na Ingila da aka daina amfani da su aka ɗauke ta. Shi da Peter Young suka ci kyautar Oscar a kan wannan aiki.

Saboda haka tun kafin wani ɗan wasa ya buɗe baki, mai kallo ya riga ya san wane ne ke mulkin garin. Magajin gari yana jawabin cewa za a yi bikin cikar birnin shekara 200, amma ginin da ke bayansa yana ƙaryata shi.

Haka aka yi da mutanen ma. Akwai wurin da Bruce Wayne ya gayyaci 'yar jarida Vicki Vale cin abinci a gidansa. Suka zauna a wani dogon teburi, shi a wannan ƙarshe ita a wancan, har sai sun ɗaga murya kafin su ji juna. Marubucin da bai ƙware ba zai cika shafi biyu yana bayanin cewa attajirin nan yana fama da kaɗaici. A nan teburi ya gama aikin. Rigar jemagen ma tana da nata bayani. An yi ta da roba mai kauri, Keaton ba ya iya juya wuya a cikinta, sai dai ya juyo da jiki gaba ɗaya. Matsala ce ta ɗinki, amma ta dace da mutumin da ya kulle kansa cikin baƙin cikinsa. Jemage dama a tatsuniyoyinmu shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba, kowane ɓangare na kallonsa a baƙo. Shi kuwa Joker na Jack Nicholson, shi kaɗai ke sanye da launi mai haske a garin, shunayya da kore, kuma gubarsa a cikin kayan kwalliya ya zuba ta, wanda ta kama ya mutu yana murmushi. A wannan gari, abin da ya fi walƙiya shi ya fi kisa.

Fim ɗin bai rasa aibi ba. Labarin yana da ramuka, kuma Vicki Vale ta fi yin ihu a kan yin aikin jarida. Shahararren mai sharhin nan Roger Ebert tauraro biyu ya ba shi cikin huɗu, yana ganin tsarin wurin ya rinjayi labarin. Duk da haka fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 400 a duniya. A 1992 Burton ya sake yin Batman Returns, inda ya fito da asalin abin fili: ya sa wa wani mugun attajiri suna Max Shreck, kusan sunan Max Schreck da ya fito a dodon Nosferatu. Wannan karon duhun ya yi wa iyaye da 'yan kasuwa yawa, fim na uku a 1995 sai aka ba wani darakta.

WANDA YA HAIFI WANI

Akwai canji ɗaya da fim ɗin 1989 ya yi wanda ya ɓata wa masoyan mujallar rai. A mujalla, wani ɗan fashi ne daban ya kashe iyayen Bruce. A fim kuwa, Jack Napier ne yana saurayi. Wato Napier ya kashe iyayen yaro, yaron ya girma ya zama Batman. Batman ya yi sanadin faɗawar Napier cikin sinadari, ya zama Joker. A ƙarshe, a saman hasumiyar wata tsohuwar majami'a, kowannensu yana ɗora wa ɗan uwansa laifin mayar da shi abin da ya zama, kuma dukansu gaskiya suke faɗa. Batman na Burton yana kisa. Ya tayar da bam a masana'anta da mutane a ciki. An gama fim ɗin yana tsaye shi kaɗai a saman bene, garin kuma yana nan baƙi kamar yadda aka fara.

Wannan ba baƙon labari ba ne a adabinmu. Cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, akwai Ganɗoki na Bello Kagara, sadaukin da ba a cin galabarsa. Daga baya, a 1951, aka sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Sadaukai dai muna da su tun tuni. Amma wanda ya fi kusa da Batman a cikin biyar ɗin nan shi ne Jiki Magayi, na John Tafida da East. Attajiri Malam Shehu ya aure Zainabu da Abubakar ke so. Abubakar ya bar gida ya shiga duniya neman asirin ramuwa. Asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa, ya tashi ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Shi ma Abubakar bai ci ribar komai ba, neman ramuwar ya cinye rayuwarsa. A 1982 kuma Bature Gagare ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa, inda Mailoma ya tara 'yan ta'adda bayan yaƙin basasa. Duhu ba sabon abu ba ne a alƙalamin Bahaushe. Abin da ya ragu a rubutunmu na yanzu shi ne wurin da duhun zai zauna.

Ku duba yawancin abin da muke turawa a WhatsApp da Wattpad. Labari zai fara a falo, ya koma mota, ya je asibiti, ya dawo falo. An faɗi sunan motar da kuɗin leshin, amma falon nan zai iya zama a Kano ko Abuja ko Dubai, ba abin da zai canja. Finafinanmu ma, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, shekara ɗaya bayan Batman, sun fi ƙarfi a zance a kan wuri. Mukan ce rashin kuɗi ne. Ga mai fim wannan uzuri yana da ɗan tushe, ko da yake Caligari da fenti da ƙyalle aka yi shi. Ga marubuci kuwa ba uzuri ko kaɗan, gina gari a takarda ba ya cin ko sisi.

GOTHAM ƊINMU

Mu da ke zaune a Gonin Gora, a bakin Kaduna ta kudu kan hanyar Abuja, ba ma bukatar Anton Furst ya zana mana komai. Mu hau mota mu nufi cikin gari, za mu ratsa ta gefen Kakuri. A nan aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Wasu masaƙu suka biyo baya, irin su UNTL da Arewa Textiles, aka zo aka kafa kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980. Dubban mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suka zo aiki, Bahaushe da Bagwari da Bajju da Tibi da Bayarabe da Ibo a kan inji ɗaya, ana canjin aiki dare da rana. Sai karyewar naira bayan 1986, da rashin wuta, da tsadar man injina, da atamfar fasa-ƙwauri suka taru suka durƙusar da su. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta tsayar da aiki a 2007. Dogayen katangun suna nan, ciyawa ta fito a inda ake jin ƙarar inji.

A daidai waɗannan shekaru garin ya tsage. Rikicin 2000 ya ci rayuka aƙalla 2,000 bisa ƙiyasin ƙungiyar Human Rights Watch, na Nuwamban 2002 kuma kimanin 250. Mutane suka kwashe kaya, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, galibin Musulmi arewa da kogi, galibin Kirista kudu da shi. Kogin da ya ba garin suna ya zama iyaka, gada ta zama wurin da wasu ke duba agogo kafin su haye. Ranar 17 ga Yuni, 2012, aka tayar da bama-bamai a majami'u a Zariya da Kaduna. Ramuwa ta biyo baya, jaridu suka ruwaito an tare hanya a nan Gonin Gora an far wa matafiya, Gwamna Patrick Yakowa ya sa dokar hana fita ta awa 24. Mun san abin da sunan unguwarmu ke tayarwa a zuciyar direban da ya taso daga Kano ko Katsina. Mun kuma san yadda mutanen unguwar nan suke kwana da ido ɗaya a 'yan shekarun nan saboda masu garkuwa da mutane. Tsoro biyu ne a kan titi ɗaya, kuma kowane ɓangare yana da ranar da yake fara lissafi daga ita. Wannan ita ce gardamar saman hasumiyar nan, sai dai a nan gawarwakin na gaske ne.

Shi ya sa muke jan hankalin mai sha'awar rubuta sadauki. Yana da sauƙi ka ƙirƙiri saurayin da aka kashe iyayensa, ya rufe fuska ya fita ramuwa, masu karatu su yi ta tafi. Amma mu mun ga masu rufe fuska da idonmu, kuma kowannensu yana ganin shi ne jarumin labarin. In za ka rubuta shi, rubuta abin da ramuwar ta yi wa jikinsa da barcinsa da gidansu, kamar yadda Jiki Magayi ya yi. Ka bar mai karatu ya ga yaron da ke tsaye a gefen titi yana kallon abin da jaruminka ya aikata, domin shi ne littafi na biyu.

Sannan kada mu kwafo ruwan saman Gotham da tururinta. Jamusawa sun karkatar da bango ne saboda abin da ya same su, Furst ya rufe sama saboda irin birnin da ya sani. Namu duhun yakan zo da rana tsaka. Babbar hanya ce fayau ranar dokar hana fita, ba mota ko ɗaya, akuya na tsallakawa a hankali. Hazon hunturu ne da ke mayar da rana kamar farin faranti. Unguwa ce da aka ɗauke wuta, gida ɗaya kaɗai ke da janareta, haskensa na nuna tsayin katangarsa. Shago ne da aka goge sunan mai shi na da, amma fentin bai rufe haruffan duka ba. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne da har yau yake farkawa a lokacin canjin aiki, shekara ashirin bayan an kulle ƙofar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai iya ɗaukar nauyin da doguwar kujerar Caligari ta ɗauka, ba tare da marubuci ya zagi wata ƙabila ko wani addini ba. Wuri ba ya ɗaukar ɓangare. Abin da aka yi a cikinsa kawai yake nunawa, shi ya sa mai karatu daga kowane gefen kogi zai iya tsayawa ya saurare shi.

AIKIN WANNAN MAKO

Kowa ya zaɓi titi ɗaya ko gini ɗaya a garinsu, wanda ya sani da ƙafarsa. Ya rubuta kalma 300 a kansa, ta idon mutum ɗaya da wani abu ke ci wa rai. Sharaɗi biyu ne. Na farko, kada ka ambaci sunan abin da yake ji, ba tsoro, ba baƙin ciki, ba fushi. Na biyu, kada ka ƙirƙiri abin da babu shi a wurin, zaɓa kawai za ka yi cikin abin da ke akwai. Ku ajiye a ƙarƙashin wannan rubutu, sauran 'yan uwa su karanta su faɗi abin da suka fahimci mutumin yana ji. In sun canka, wurinka ya yi magana. In ba su canka ba, a sake komawa titin a duba da kyau.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.